Yadda ƙarancin fosfet ke kashe murjani a cikin ruwa mai tsafta

Masu kiwon murjani a akwatunan gilashi na ruwan gishiri sun daɗe suna ɗaukar sinadarin fosfet a matsayin abokin gaba, domin idan ya yi yawa gansakuka kan lulluɓe duwatsu, murjanin kuma ya kasa gina ƙashinsa. Sai dai da na'urorin tace ruwa suka ƙara ƙarfi, matsalar ta juya: ruwa ya yi garau, amma murjanin da aka saya da tsada yana koɗewa saboda yunwa.

Fosfet shi ne siffar da sinadarin fosfaras yake ɗauka a cikin ruwa, wato harafin P da manoma suka sani a jikin buhun takin NPK. Murjani dabba ne, amma a cikin namansa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke sarrafa haske su samar masa da abinci, kuma ba sa rayuwa sai da fosfet. Binciken da Farfesa Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Southampton da ke Ingila, wanda mujallar Nature Climate Change ta buga a 2013, ya nuna cewa idan naitirojin ya yi yawa alhali fosfet ya yi ƙaranci, waɗannan halittu kan raunana, zafi da haske kuma su fi saurin mayar da murjanin fari fat. Ke nan haɗarin ya fi tsanani a akwatin da naitiret ya hau, fosfet kuwa ya koma sifili.

Masu kiwo da dama kan riƙe fosfet tsakanin 0.03 zuwa 0.1 a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan. Wajen awon ne ake yawan ruɗewa. Kayan gwajin da ake kwatanta launi da ido ba su cika bambance sifili da 0.03 ba, shi ya sa ake fifita na'urar awo irin ta kamfanin Hanna. Daga cikinsu akwai mai nuna fosfaras zalla a ma'aunin kashi cikin biliyan, wadda sai an ninka sakamakonta sau uku da ɗoriya kafin a san adadin fosfet. Idan ta nuna 10, fosfet ya kai kimanin 0.03.

Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce wani yauƙi mai ruwan ƙasa, ɗauke da kumfa, da ke shimfiɗuwa kan yashi da rana. Halittun da ke haifar da shi, dainofilajalet, sukan samu fili ne idan yunwa ta karya abokan gogayyarsu, wasunsu kuma suna da dafin da ke kashe dodon koɗin da ke share gilashi.

Gyaran yana farawa da dakatar da abin da ke zuƙe sinadarin: a cire garin tsatsar ƙarfe da ake sawa a matata, a daina zuba ruwan tsami ko giyar bodka da ake ciyar da ƙwayoyin bakteriya da su, a rage sa'o'in hasken da ake ba ciyawar teku a ƙaramin akwatin ƙasa. Bayan haka sai a ƙara wa kifaye abinci, domin kashinsu taki ne.

Idan hakan bai wadatar ba, sai a koma ga ruwan fosfet na kwalba, kaɗan-kaɗan, kamar 0.02 a rana, ana awo kafin kowane ƙari. A nan ake buƙatar haƙuri. Busassun duwatsun farar ƙasa da ake jerawa a sabon akwati suna shanye fosfet, don haka ana iya kwashe kwanaki ana zubawa na'ura tana nuna sifili. Mai gaggawar da ya ninka adadin zai tarar da cewa ranar da duwatsun suka ƙoshi, awon zai yi tsalle, kuma za su ci gaba da mayar da abin da suka shanye cikin ruwan har tsawon makonni.