Bashin da saniya ke ci a ƙashinta

A wata ruga kusa da Dakoro, ƙarshen rani, wani dattijo ya nuna mini saniyarsa mai shayarwa. Tana ɗingishi, alhali babu rauni a ƙafa. Ya ce, "Likita, ƙashi ma yana ramewa ne?" Na ce, "Baba, yana yi."

Kowace litar nono tana fita da kalsiyam fiye da giram 1. Idan ciyawa ba ta mayar da shi ba, sai ya ragu a jini, wasu ƴan kaluluwa a wuya su saki sinadarin PTH. Shi ke sa ƙwayoyin da ke gina ƙashi su fitar da furotin mai suna RANKL, saƙon da ke tada ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi, kalsiyam ya koma jini. Akwai wani furotin, OPG, mai tare saƙon a hanya, amma PTH yana rage shi. Har yau abin na ba ni mamaki: magina ne ke kiran masu rushewa.

Lafiyayyar saniya ma takan ci wannan bashi, ta biya da damana. Tasa ta ci fiye da ƙima. Na ce ya ba ta harawar wake, dusa kaɗan da dutsen lasa, ya kuma rage tatsa. A nan ya yi shiru, don nonon nan shi ne abincin jikokinsa.