Kumihimo: Kitson zaren Japan da ya tashi daga sulken mayaƙa zuwa awarwaro

Kumihimo sana'a ce ta kitsa zaren alharini da Japanawa suka gada tun fiye da shekara 1,200. Har yau ma'ajiyar Shosoin da ke birnin Nara tana adana igiyoyin da aka kitsa a ƙarni na 8.

A da, da waɗannan igiyoyi ake haɗa sulken mayaƙan samurai, ake kuma ɗaura takubbansu. Da gwamnati ta haramta yawo da takobi a 1876, kasuwar masu kitson ta karye. Abin da ya ceci sana'ar shi ne obijime, siririyar igiyar da mata ke ɗaure ɗamarar kimono da ita. Yanzu kuma awarwaro da sarƙar wuya ne suka buɗe mata sabuwar kasuwa.

Ana yin kitson a kan marudai, ɗan teburin katako mai zagaye da rami a tsakiya. Zarurrukan na rataye a gefensa, kowanne da nauyi a ƙarshe, ana sarƙa su bi da bi. Masu koyo kan fara da faifan soso mai tsaga 32.

Wajen zaɓen launi, masu kitson sukan waiwayi tsarin fadawan zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, waɗanda ke haɗa launukan tufafinsu bisa yanayin shekara. Fari a kan ja, misali, yana nuna furen sakura na bazara. Sai dai launi kaɗai ba ya wadatarwa: gurbin da aka ɗora kowane zare tun farko shi ke tantance ko zanen zai fito a murɗe ko ɗigo-ɗigo.