Ɗan attajirin da ya zaɓi talauci, da rigimar da ya bar wa mabiyansa

A wajajen shekarar 1206 aka gurfanar da wani matashi gaban bishop na garin Assisi da ke Italiya. Mai ƙarar mahaifinsa ne, Pietro di Bernardone, babban ɗan kasuwar yadudduka, kuma zargin shi ne yaron ya kwashi kaya daga shago ya sayar domin gyaran wata tsohuwar majami'a. Matashin, mai suna Francis, ya mayar da kuɗin, sannan ya tuɓe tufafin jikinsa ya ajiye, ya yafe gadonsa baki ɗaya.

Abin da ya yi yana da tushe a Linjila. A Matiyu sura ta 19 an kawo labarin wani saurayi mai dukiya da Yesu ya umarta ya sayar da mallakarsa, ya raba wa matalauta, ya bi shi, amma ya juya cikin baƙin ciki. Akasarin malaman Kirista sun ɗauki wannan a matsayin kira na musamman ga wasu, ba farilla a kan kowa ba. Francis kuwa ya ɗauke shi yadda yake. Ƙa'idar ƙungiyarsa, wadda Paparoma Honorius na Uku ya tabbatar a 1223, ta hana mabiyansa karɓar kuɗi ko mallakar gida. Za su yi aikin hannu su ci, idan bai wadatar ba su yi bara. (Littafi Mai Tsarki na Hausa ma da kalmar "almajirai" yake kiran mabiyan Yesu.)

Matsalar ta kunno kai ne daga farin jinin tafiyar. Mutum goma sha biyu za su iya kwana a bukka, amma dubbai na buƙatar makwanci da littattafai da wurin jinyar tsofaffi. To, wa zai mallaki waɗannan? Bayan rasuwar Francis a 1226 sai aka nemo dabara: mabiyan su riƙa amfani da kayan, mallakar kuma ta zama ta fadar Paparoma. Paparoma Nicholas na Uku ya ƙarfafa wannan tsari a 1279. Duk ɗan kasuwar da ya san bambancin mai shago da mai jiran shago zai gane hikimar, zai kuma gane inda take yoyo, domin mai zaune a katafaren gini yana cin abinci sau uku ba ya zama matalauci don kawai takardar ginin na ɗauke da sunan wani.

Wani ɓangare na ƙungiyar ya ce wannan cin amanar wasiyyar Francis ce, ya nace a kan tsantsar talauci. Nan ne farashin almajiranci ya zama na jini. A 1318 aka ƙone huɗu daga cikinsu a birnin Marsel na Faransa saboda ƙin miƙa wuya. Paparoma John na 22, wanda masanin shari'a ne, ya kawo hujja mai wuyar turewa: gurasar da mutum ya cinye, ta yaya za a ce amfani kawai ya yi da ita bai mallake ta ba? A 1322 ya sauke nauyin mallakar daga fadarsa, a 1323 kuma ya ayyana cewa bidi'a ce a dage a kan Yesu da manzanninsa ba su mallaki komai ba. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi, amma wutar Marsel tabo ce da hujja ba ta wanke ta.

Wani abin mamaki shi ne, mutanen da suka guji kuɗi sun zama cikin waɗanda suka fi nazarinsa. Zamansu cikin birane, suna sauraron koken 'yan kasuwa da masu bashi, ya sa suka yi rubuce-rubuce a kan farashi da riba da jari. Wa'azinsu ne ya haifar da asusun lamuni na Monte di Pietà a Perugia a 1462, inda talaka ke jinginar da kayansa ya karɓi rance mai sauƙi. A 1494 kuma wani ɗan ƙungiyar, Luca Pacioli, ya wallafa a Venis littafin da ya bayyana tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu, shiga da fita, wanda akantoci ke aiki da shi har yau.