Iska da Danshi a Ɗakin Shuka

 Yau zancenmu a kan 'yar shukar nan ne da kika jera a buhuna da tsofaffin bokitai: tumatir, attarugu, na'a-na'a ko ɗoɗɗoya. A unguwanni irin su Kakuri, Makera da Barnawa gidajen haya sun yi yawa, tsakar gida ta kowa ce, ga kaji ga awaki, shi ya sa wasunmu suka mayar da shukarsu baranda ko ɗakin da ba a kwana ciki. Ba laifi, muddin rana tana samunta awa 5 zuwa 6. Sai dai ki sani shuka ma numfashi take yi, ta wasu 'yan ƙofofi a jikin ganye waɗanda ido ba ya gani.

Da damina, musamman a watan Agusta, danshin iska a Kaduna yakan haura kashi 80 cikin 100. Ai kin ga yadda shanya take kwana biyu ba ta bushe ba, gishiri ma ya jiƙe a kwano. To in kika kulle ɗakin, sai fumfuna ta hau ganye, gindin ƙananan shuka ya ruɓe. Ki buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, ki bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakanin bokitai. Ruwa kuwa da safe, a gindi, ban da kan ganye. Kafin ki zuba, ki tura yatsa cikin ƙasar. In da sanyinta, ki haƙura sai gobe. Yawancinmu son shukar ne yake sa mu kashe ta da ruwa.

Da hunturu abin ya juya, danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20. Gefen ganye ya bushe, fure ya zube, ƙura ta toshe ƙofofin nan. Ki jiƙa buhun algarara ki rataya a gefen tagar da iska ke shigowa: zai tare ƙura, ya kuma ƙara danshi. Ganyen ma ki riƙa share shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai hayaƙi, wanda shi ya fi damuna. Kada ki kai kurfoti ko risho ɗakin wai don shuka ta ji ɗumi, kada kuma a ajiye janareto a bakin tagarsa. Tumatir ba ya jure hayaƙi. Za ki ga ganyensa ya lanƙwashe ƙasa kamar mai jin ƙishi, alhali ƙasar a jiƙe take. In kin ga haka, ki duba iskar gidan, domin gawayi da janareto suna fitar da wata guba marar wari da takan kashe mutum a rufaffen ɗaki yana barci. Ki yi wa maigida magana a matsar da janareton can waje, nesa da tagogi, tun ma ba tagar ɗakin yara ba.