Nonon Saniya da Madarar Tsirrai a Gidajen Ƙasar Haɗejiya

Abin sha mai farin launi da ake kawowa gida a ƙasar Haɗejiya iri huɗu ne: nonon saniya daga ruga, madarar gari ko ta gwangwani daga kanti, madarar waken suya, sai kunun aya da ɗan'uwansa kunun gyaɗa. Launinsu ɗaya, amma abin da suke kai wa jiki ya sha bamban ƙwarai, kuma bambancin ya fi bayyana a jikin yaron da aka yaye. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jihar Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A wurin da abin ya kai haka, zaɓen abin da za a zuba wa yaro a kofi ba ƙaramin al'amari ba ne.

Samuwar nono a wannan yanki tana bin kogi. Kogin Haɗejiya, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, yana malala kan fadamun Auyo, Kirikasamma da Guri daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Idan ruwa ya janye, ɗanyar ciyawa da ragowar gonakin shinkafa sukan jawo garkunan shanu daga tudu, har da na ƙetaren iyakar Nijar. Shi ya sa garuruwan fadama kan samu nono da rani a lokacin da ya fara wuya a wasu wurare. Amma madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwan yake zuwa. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, noman rani ya mamaye wuraren da a da makiyaya ne. Da bazara ta yi tsanani, daga watan Maris zuwa Mayu, shanu sukan rame, nono ya ragu, ya yi tsada, mai sayarwa kuma ta ƙara masa ruwa, wani lokaci da garin ƙwalba don ya yi kauri.

Shanun gida, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, ba masu yawan nono ba ne. Saniya takan ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan rabon maraƙi, kuma ba ta sakin nonon sai an bar maraƙin ya fara tsotsa. Sai dai ɗan abin da take bayarwa yana da maiƙo da nauyi. Kofi ɗaya na madarar saniya, wato kwatan lita, yana ɗauke da furotin kimanin giram 8, da kalsiyam kimanin miligiram 300, ga bitamin B12 wanda ba a samun sa a tsiro. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar furotin wajen giram 13 a rana, da kalsiyam miligiram 500 bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan kofi ɗaya ya biya masa fiye da rabin bukatunsa biyun. Abinci kaɗan ne ke yin wannan aiki a cikin ƙaramin ciki.

Ba duk abin da ke cikin ƙwarya ne daidai ba. Kindirmo madara ce da ba a cire mata mai ba: akan tafasa ta, a bari ta huce, a ɗiga mata ɗan tsohon nono, a rufe da faifai ta kwana. Da safe za a tarar ta daskare, idan aka sa ludayi sai ta yanku. Tsala kuwa an kaɗa shi an kwashe man shanu, sau da yawa an sirka shi da ruwa. Furotin da kalsiyam suna nan a tsala gwargwadon yadda aka bar shi da kauri, amma ƙarfin da mai ke bayarwa da bitamin A sun tafi tare da man. Ga babba mai dama fura da rana tsala ya wadatar. Ga yaron da aka yaye, kindirmo ne ya cancanta, ko da kuɗin rabin ludayi ne kawai a hannu.

Aibin nonon saniya ɗaya ne babba, kuma maganinsa wuta. Ɗanyar madara tana iya ɗauko ƙwayar tarin fuka ta shanu, da cutar bakkale da ke sa saniya ɓari, wadda a jikin mutum kan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi da gumin dare, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Tsamin nono yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, amma ba a dogara da shi a kan waɗannan biyun. Tafasa ce ke gamawa da su. Saboda haka gidan da ke da ƙananan yara ko mai ciki ya fi dacewa ya riƙe mai nono guda wadda aka san tana dafa madararta, ko ya sayi ɗanya ya dafa ya kwantar da kansa. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ma akwai kwanakin da ake barin nononta, domin maganin yana fita ta cikinsa.

Akwai mutanen da madara ke kumbura wa ciki, ta sa su murɗa da zawo. Dalili shi ne sukarin da ke cikinta, laktos, yana bukatar wani sinadari a hanji kafin ya narke, kuma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin yana raguwa bayan yaye. Binciken da Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka wallafa a 1971 ya gano cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girma, yayin da akasarin manyan Yarbawa ba sa iyawa. A ƙasar Haɗejiya, inda Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suka daɗe suna cuɗanya da auratayya, a gida ɗaya za a samu mai sha lafiya da wanda ba ya iyawa. Wanda ɗanyar madara ke damu ba sai ya bar nono ba, domin ƙwayoyin da ke tsamar da kindirmo sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, kuma shan sa kaɗan-kaɗan tare da fura yana sauƙaƙa wa hanji. Wannan daban yake da ƙin jinin furotin madara da wasu jarirai ke yi, mai zuwa da ƙuraje, amai, ko jini a bayan gida. Shi ƙin jinin furotin na asibiti ne, kuma wasu daga cikin irin waɗannan yara waken suya ma ba ya karɓar su.

A cikin madarar tsirrai, ta waken suya ce kaɗai ke kusantar ta saniya a furotin: kofi ɗaya mai kauri yana da wajen giram 7, kuma furotin ne mai inganci. Waken ba baƙo ba ne, tunda awara ta zama abincin makaranta da na bakin titi a kowane gari, ko da yake yawancinsa daga Binuwai da Kaduna da kudancin Kano ake kawo shi. Arharsa ita ce ƙarfinsa: kilo ɗaya na busasshen wake yana ba da lita bakwai zuwa takwas, kuma buhu yana jira a ɗaka har bazara ba tare da firji ba. Akan jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora a wuta. A nan ne ake yawan yin kuskure. Ruwan waken yana tayar da kumfa ya cika tukunya tun kafin ya tafasa da gaske, sai a ɗauka ya nuna a sauke. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, kuma sai an bar shi yana tafasa minti 15 zuwa 20, ana motsawa ana rage wuta, sannan sinadarin ya mutu, ƙarnin ma ya ragu.

Gibin waken suya shi ne kalsiyam da B12. Madarar da aka yi a gida ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kalsiyam ɗin ta saniya ba. Wadda ake sayarwa a kwali a Turai da Amurka an ƙara mata su a masana'anta, abin da tukunyar gida ba ta iyawa. Awarar da aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya ita ma ba ta cike gibin. Sa'ar mutanen fadama ita ce kogin da kansa yana da abin cikewa: ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya suna kawo kalsiyam da B12 tare, ganyen kuka da zogale da riɗin da ake nomawa a Malam Madori da Kaugama da Birniwa suna ƙara kalsiyam. Gidan da ya koma ga waken suya da bazara, muddin kifi da kuka ba su yanke a tukunyarsa ba, bai yi asara mai yawa ba.

Kunun aya wani abu ne dabam. Aya saiwa ce mai mai da sitaci da zaƙi, furotin ɗinta kaɗan ne, bayan an tace kuma kofi ɗaya bai fi giram ɗaya zuwa biyu ba. Ana noma ta sosai a yankin Maraɗi, har ana fitar da ita zuwa Sifen inda mutanen Balensiya ke yin irin nasu kunun. Abin sha ne mai daɗi da sanyaya rai, musamman da azumi idan an sa dabino da kwakwa, amma ba ya maye gurbin nono. Kuma da yake ba a dafa shi, tsabtarsa ita ce tsabtar ruwan da aka yi shi da shi da ta gorar da aka ɗura. A zafin bazara yakan yi tsami cikin 'yan awoyi, a watannin ambaliya kuwa, irin na 2020 da 2022 da rijiyoyi suka gurɓata, ba abin ba ƙaramin yaro ba ne sai wanda aka yi a gida da tafasasshen ruwa. Kunun gyaɗa ya fi shi furotin kuma ana dafa shi. Abin lura a nan shi ne gyaɗar da ta yi fumfuna, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A tsince a zubar.

Madarar almon, ta hatsin ot da ta shinkafa, waɗanda ake gani a manyan kantunan Kano da Abuja, tsadarsu ta fi amfaninsu: furotin ɗinsu daga rabin giram ne zuwa uku a kofi. Hujjar da ta yayata su a ƙasashen waje ita ce gidajen gonar shanu na can suna cin ruwa da fili, suna fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Hujjar tana da ƙarfi a can. A fadamar Haɗejiya saniya tana cin kara da harawa da ciyawar da mutum ba ya ci, tana barin taki a gona, kuɗin nononta kuma yana shiga hannun matan ruga.

Abokiyar hamayyar nono ta gaske a kasuwar Haɗejiya ita ce madarar leda da ta gwangwani. Fiye da rabin kayan madarar da Najeriya ke sha daga waje ake shigo da su, kuma da yawa daga cikin masu arha an cire musu man shanu a Turai an maye gurbinsa da man kwakwar manja. Akan rubuta hakan a jikin ledar, kuma jerin kayan haɗi yana nuna man tsiro. Irin wannan tana da furotin da kalsiyam idan an dama da kauri yadda kamfani ya ce, amma ƙaramar leda guda a babban kofin shayi launi kawai take sauyawa. Madarar gwangwani mai kauri mai sukari, da garin da aka yi don fararta shayi, ba abincin yaro ba ne ko kaɗan. Shayin ma yana rage wa hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da jini ke bukata.

Shekarun yaro su ne ke yanke hukunci a ƙarshe. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ake ba shi, ko ruwa ba a ƙarawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, abin da likitanci da koyarwar Musulunci suka haɗu a kai. Babu wata madarar tsiro ta gida da ta dace ta zama abincin jariri ɗan ƙasa da shekara. An ga yaran da aka reno da irinta sun kumbura saboda rashin furotin. Daga wata shida ana iya dama masa kunu da dafaffiyar madara ko kindirmo, kuma a ƙa'idar da ta fitar a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba yaro ɗan wata 6 zuwa 11 da ba ya samun nonon uwa madarar dabba mai cikakken mai. Bayan shekara ɗaya kofi biyu a rana ya isa. Fiye da haka yana cika ciki ya hana cin tuwo da wake da kifi, ga shi sinadarin ƙarfen da ke cikin madara kaɗan ne ƙwarai. Idan nono ya yi wuya, garin gero da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare yana yin kunun yaye mai riƙe yaro, a ɗiga masa kindirmo duk ranar da aka samu.