Daga Mai Shela zuwa Kakakin Gwamnati: Asalin Sana'ar Hulɗa da Jama'a

Hulɗa da jama'a, wato aikin da hukuma ko kamfani ko shugaba ke ɗora wa ƙwararru domin a fahimci manufarsa, a amince da shi, a kuma kare sunansa idan ya shiga bakin duniya, sana'a ce da ba ta daɗe da samun ofis da albashi ba, amma dabarar da aka gina ta a kai ta girmi jarida da rediyo nesa ba kusa ba. Sarakunan ƙasar Hausa ba su dogara ga umarni kaɗai ba, domin suna da mai shela da ke zagaya gari da sanarwa, da sankira da ke ɗaga sunan sarki a bainar jama'a, da makaɗan fada waɗanda waƙarsu kan ɗaukaka mutum, zambonsu kuma ya zubar da shi. Masu jihadin Sakkwato sun ɗauki wata hanyar, inda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta shirya 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata masu haddace waƙoƙin wa'azi suna kai su ƙauyuka, saboda ta gane cewa saƙo ya fi shiga idan ya fito daga bakin wadda aka sani.

A matsayin sana'a kuwa, an haifi hulɗa da jama'a ne a Amurka a farkon ƙarni na ashirin, lokacin da 'yan jarida suka matsa wa manyan kamfanonin jirgin ƙasa da na man fetur da tonon silili. A 1906 wani tsohon ɗan jarida, Ivy Lee, ya shawo kan kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya daina ɓoye labarin haɗari, ya kai manema labarai wurin da abin ya faru, ya ba su bayani a rubuce, kuma daga nan aka samo al'adar takardar sanarwa ga 'yan jarida. Edward Bernays, wanda ya yi aiki a kwamitin farfagandar yaƙi da gwamnatin Amurka ta kafa a 1917, ya ɗauki wani salon: a ganinsa jama'a sun fi bin sha'awa da tsoro a kan hujja, don haka a 1929 ya shirya wa wani kamfanin taba jerin gwanon mata masu shan sigari a titin New York, aka kira abin alamar 'yanci. Wannan nasara tasa abin takaici ce, kuma daga lokacin sana'ar take ɗauke da gadon mutanen biyu, na bayyana gaskiya da wuri da na sarrafa zukata a ɓoye.

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da tsarin zamani ƙasar Hausa. An kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, a daidai lokacin da jita-jita ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus, sai dai Imam ya mayar da ita dandalin da masu karatu ke aiko da koke-kokensu, abin da ya sa aka yarda da ita fiye da yadda ake yarda da takardar gwamnati. Majigi, wato silimar tafi-da-gidanka da ake haskawa a ƙofar fada, ya yi irin wannan aiki ga waɗanda ba su iya boko ba.

Garin Malanville na arewacin Jamhuriyar Benin, wanda ke fuskantar Gaya ta Nijar a ƙetaren Kogin Kwara, ya nuna iyakar wannan sana'a a fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da manyan motoci ke bi daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta bar ɓangarenta a rufe, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta. A watan Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme ta ƙasarsa, kowace gwamnati kuwa ta tura kakakinta gaban manema labarai domin ɗora laifi a kan ɗayar. Akasarin waɗannan sanarwoyi da Faransanci ake yin su, alhali ciniki a babbar kasuwar Malanville da Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci ake yin sa, saboda haka kafin maganar minista ta isa ga mai sayar da albasa ta riga ta bi ta bakin direba da dillali da limami da saƙon murya na WhatsApp, kowannensu da nasa fassarar. Ɗan kasuwar da rufe gada ya sa yake biyan kuɗin kwalekwale domin haye kogi da buhunansa yana auna kowace sanarwa da abin da ya kashe a ranar, shi ya sa rahoton direban da ya dawo daga Gaya yakan fi na kakakin gwamnati nauyi a wurinsa.