Hayaƙin Ƙona Daji da Haƙƙin Maƙwabci a Fadamun Rima

Da zarar an kammala girbin damina, iskar hunturu ta fara kaɗawa, wanda ya bi hanya daga Sakkwato zuwa Wurno, Raba ko Goronyo da maraice zai hangi hayaƙi yana tashi nan da can. Wani karan shinkafa yake ƙonawa domin ya share gona, wasu kuma samari ne suka cinna wa daji wuta suna farautar gafiya. Mun saba da ganin haka har mun daina tambayar inda hayaƙin yake sauka.

A daidai wannan lokaci ne noman rani yake kankama. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ita ke shayar da dubban gonakin alkama, shinkafa, albasa da tafarnuwa. Shuka kuwa da hasken rana take haɗa abincinta. Idan hayaƙi ya haɗu da hazon hunturu ya yi kauri, hasken da ke isa ga ganye sai ya ragu. Toka da ƙura su kwanta a kan ganyen, su toshe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su. Bayan haka, zafin rana yana sarrafa hayaƙin ya haifar da iskar ozon kusa da ƙasa, wadda ke tsofar da ganyen alkama da wuri, ƙwaya ta fito ba nauyi. Shi ma mai ƙonawar bai tsira ba, domin takin da karan zai zama idan ya ruɓe, da abincin da dabbobi za su ci, duk sun bi iska.

Sauyin yanayi ya ƙara wa lamarin nauyi. Alkama sanyi take so, kuma idan zafi ya shigo tun tana cika ƙwaya, amfani yana raguwa. Ciyawa na bushewa ƙayau, wuta kuma ba ta tsayawa inda aka nufa. A 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya lulluɓe birnin New York na Amurka, ɗaruruwan kilomitoci daga inda wutar take. Ina ga gonar da kunya ɗaya ce ta raba mu da ita?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Sun hukunta cewa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi, ta tsallaka ta cinye kayan wani, biya ya hau kansa. Tushen hukuncin shi ne haramcin cutar da wani. Ɓarnar hayaƙi tana da wuyar aunawa a gaban alƙali, amma ba ta ɓoyuwa ga Allah Maɗaukakin Sarki. Har talaka tana taɓawa: manomin da amfaninsa ya kasa kai nisabin wusƙi biyar, zakka ba ta wajaba a kansa ba, rabon mabuƙaci ya tafi ke nan.

Saboda haka muna kira ga limamai su tunatar a huɗuba tun kafin kaka, hakimai da sarakunan noma su tsawata wa masu farauta da wuta. Karan da za mu ƙona, mu tara shi ya zama taki, ko mu sayar wa makiyayi. Allah Ya albarkaci gonakinmu, Ya kiyashe mu da ɗaukar haƙƙin maƙwabci.